TAMBARI DA TAKE: Tarihin Sauti Da Alama A Fim Ɗin Hausa



Kwanakin baya wani ƙanenmu a harkar rubutu ya same ni da tambaya. Shi da abokan karatunsa sun rubuta gajeren labari, sun ɗauke shi da kyamara a matsayin aikin kammala karatu, saura mako guda su miƙa. Yana so in ba shi shawarar waƙar da za su ɗora, in kuma haɗa shi da wanda zai zana musu tambarin da zai fito a farkon fim ɗin cikin sauƙin kuɗi. Na ce masa tambayar tana da kyau, sai dai ta makara da wata biyu. Tun ran gini tun ran zane.

Ban faɗa masa haka don na fi shi ba. Lokacin da nake difloma mun yi irin wannan aikin mu shida. Mun kwashe makonni muna gardama a kan labari da 'yan wasa, babu wanda ya tuna da sauti sai daren da za mu miƙa. Muka buɗe wayar ɗayanmu, muka ciro kiɗan wani fim ɗin Indiya muka shimfiɗa shi tun daga farko har ƙarshe. Sunan ƙungiyarmu kuwa muka sa shi yana juyawa cikin wuta, don abin da muka tarar a manhajar tacewa ke nan. Da aka kunna a gaban malamai, tambayar farko da aka yi mana ita ce, "Kiɗan nan na wane ne?" Ta biyu kuma, "Me ya haɗa wuta da labarin yarinyar da ke tallar goro?" Ba mu da amsar ko ɗaya. Tun daga ranar na fara bin tarihin abin, kuma shi nake so mu duba yau.

KAFIN A SAN FIM

Bahaushe yana da kalmomi biyu da ya kamata duk mai shirin fim ya tsaya a kansu. Ta farko tambari. A fada, tambari ganga ce ta sarauta wadda ba a kaɗa ta don nishaɗi. Ana buga ta ranar naɗin sarki, ko daren salla, ko idan wani babban al'amari ya taso, kuma wanda ya ji ta daga nesa ya san daga gidan da sautin ya fito. Yau kuma da wannan kalmar muke kiran alamar kamfani ko ta makaranta ko ta ƙungiya. Kalma ɗaya tana ɗauke da abin da kunne ke ji da abin da ido ke gani.

Ta biyu take. Taken littafi shi ne sunansa. Amma a wajen makaɗa, take shi ne ɗan gajeren kiɗan da aka keɓe wa mutum ɗaya. Ɗan dambe yana da takensa, sarkin noma yana da nasa, mahauci yana da nasa a bakin kalangu. Ba sai an ambaci suna ba, da makaɗi ya sauya hannu 'yan kallo sun san wanda ake kira, shi kuma tsikar jikinsa ta tashi ya fito fili.

Ke nan tun kafin kyamara ta zo ƙasar Hausa mun san cewa ana iya kiran mutum da sauti, ana iya gane gida da alama. Dagin Arewa da ke jikin soraye da wuyan manyan riguna, wanda gwamnatin Jihar Arewa ta ɗauka ya zama alamarta, shaida ne a kan haka.

MAJIGI DA SILIMA

Hoto mai motsi ya shigo mana ta ƙofa biyu. Ta farko majigi, wato motar gwamnatin Turawa da ke zagaya garuruwa tana kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, ana nuna finafinan wayar da kai a kan noma da tsafta da kiwon lafiya. Irinsu ne Baban Larai na shekarun 1950, wanda ya yi magana a kan noman auduga. A majigi sautin da ya fi tasiri shi ne muryar mai sharhi da ke tsaye da lasifika yana fassara wa jama'a abin da suke gani, yana ƙara gishiri inda ya ga dama.

Ƙofa ta biyu gidajen silima. An buɗe Rex a Kano a 1937, Palace ta biyo baya a farkon shekarun 1950, sannan irin su Plaza da Eldorado da Marhaba. A nan ne mutanenmu suka fara ganin yadda manyan kamfanoni ke gabatar da kansu. Zakin kamfanin MGM na Amurka an fara jin gurnaninsa a 1928, shekara guda bayan fim mai magana ya bayyana. Busar da ke buɗe finafinan Fox, Alfred Newman ne ya tsara ta a 1933, kuma har yau ita ake ji. Daƙiƙu kaɗan ne, amma kafin labari ya fara mai kallo ya riga ya san gidan da ya shiga. Wannan ai shi ne tambari da take a haɗe.

Sai dai finafinan da suka kama zuciyar Bahaushe na Indiya ne, waɗanda 'yan kasuwa Kwarori masu gidajen silima suka riƙa shigo da su. Fim ɗin Indiya da waƙa aka haife shi. Alam Ara, fim ɗinsu na farko mai magana a 1931, yana da waƙoƙi bakwai. Daga 1935 suka fara tsarin da mawaƙi zai rera a ɗakin ɗaukar sauti, ɗan wasa kuma ya motsa baki a gaban kyamara, tsarin da muka gada kai tsaye. Ko a fannin alama akwai darasi a wurinsu. Tambarin kamfanin Raj Kapoor, namiji riƙe da goge a hannu ɗaya da mace a ɗayan, an ciro shi ne daga wata fitowa a fim ɗinsa Barsaat na 1949. Daga cikin labari alamar ta fito.

Karin waƙoƙin Indiya ya shiga gari sosai, har masu bege da mandiri irin su Ushaƙu Indiya a Kano suka riƙa ɗaukar karin suna ɗora yabon Manzon Allah (SAW) a kai. Saboda haka lokacin da matasa suka fara yin fim da kansu, kunnen masu kallo ya riga ya saba da wani irin sauti.

TALABIJIN DA ƘUNGIYOYIN WASA

Akwai wata hanyar kuma da ba ta bi ta Indiya ba. A 1976 Adamu Halilu ya mayar da littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim na silima. A gidajen talabijin na Kaduna da Kano da Jos da Sakkwato kuma aka yi zamanin wasannin kwaikwayo irin su Samanja na Usman Baba Pategi, da wasannin Ƙasimu Yero, da Karkuzu, da Kuliya. Waɗannan ba rawa da waƙar soyayya suka dogara da su ba. Kowane shiri yana da kiɗan buɗewa, mafi yawa da kayan kiɗan gida, kuma iyayenmu suna ba da labarin yadda yara ke rugowa gidan mai talabijin da zarar sun jiyo shi daga lungu. Take ne irin na dandali aka mayar cikin akwati.

Daga ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na unguwanni fim ɗin bidiyo ya fito. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda ake lissafa shi a matsayin mafarin kasuwar finafinan Hausa ta kaset. A nan ina so marubuta su lura da abu biyu.

Na ɗaya, da yawa daga waɗanda suka kafa harkar marubutan littafi ne. Ado Ahmad Gidan Dabino ya mayar da In Da So Da Ƙauna fim. Ɗan'azumi Baba da Bala Anas Babinlata da Hajiya Balaraba Ramat Yakubu duk daga alƙalami suka shiga. Ko a cikin mawaƙa, Aminu Ladan Abubakar (Ala) ya rubuta littattafai kafin a san shi da waƙa. Don haka maganar sauti a fim ba baƙuwa ba ce a zauren marubuta.

Na biyu, ku dubi sunayen da ƙungiyoyin wancan lokaci suka zaɓa: Tumbin Giwa, Raina Kama, Kukan Kurciya, Jigon Hausa. Kowane suna hoto ne tun kafin a zana shi. Tumbin Giwa kirarin Kano ne. Raina Kama da Kukan Kurciya rabin karin magana ne, mai ji shi zai ƙarasa da kansa. Ba su da kwamfutar zane, amma sun san abin da suke so a tuna da su da shi.

ZUWAN FIYANO

Abin da ya sauya sautin fim ɗin Hausa gaba ɗaya ƙaramar na'ura ce, wadda muke kira fiyano. A shekarun 1990 ɗakunan ɗaukar sauti a Kano, musamman na Iyan-Tama, suka fara amfani da fiyanon Yamaha mai ɗauke da muryoyin kayan kiɗa iri-iri a cikinsa. Mutum ɗaya a ƙaramin ɗaki zai fitar da abin da ya yi kama da sarewa da ganga da tafi, ba tare da an ɗauko makaɗi ko ɗaya ba.

Dalilan karɓuwarsa a fili suke. Yana da arha a kan tara makaɗa. Yana iya kwaikwayon zaƙin kiɗan Indiya da kunne ya saba da shi. Akwai kuma dalili na al'ada: a ƙasar Hausa kiɗa sana'ar gado ce, kuma ɗan boko ko ɗan malamai da ba zai rataya kalangu ba yana iya zama gaban fiyano ba tare da an kira shi maroƙi ba. Da haka sabon rukunin makaɗa da mawaƙa ya taso, aka sami salon da daga baya aka laƙaba wa suna nanaye.

A ƙarshen shekarun 1990 kamfanin Sarauniya ya fitar da Sangaya, wanda Aminu Muhammad Sabo ya ba da umarni, Ali Nuhu da Fati Muhammad suka ja ragamarsa. Labarin ɗan sarki ne da yarinyar da ke aiki a gidan sarauta. Waƙar fim ɗin ta riga fim ɗin shiga gari ta hanyar talla, yara suka haddace ta, aka yi ta jiran fitowarsa. Cinikin da ya yi ya nuna wa kowa cewa waƙa tana sayar da fim. A daidai wannan lokacin ne harkar ta sami mujallunta, Tauraruwa da kuma Fim da ta fara fitowa a 1999, kuma a shafukan Tauraruwa ne sunan Kannywood ya fara bayyana a shekarar.

LOKACIN DA WAƘA TA HAU KAN LABARI

Nan ne darasin da ya fi shafarmu yake. Da 'yan kasuwar kaset na Bata da Ƙofar Wambai suka gane abin da ke jawo mai saye, sai tsarin aiki ya juye. Furodusa zai fara zuwa situdiyo a buga masa waƙoƙi. A ɗauki rawar waƙar, a yanka talla, a liƙa ta a farkon wani fim da ke kasuwa. Idan tallar ta karɓu, sai a nemi marubuci a ce ya ƙirƙiro labarin da zai ɗauki waƙoƙin. Marubuci ya koma tela, an ba shi maɓalli an ce ya ɗinka riga a kai.

Mu da muka taso a zamanin faifan CD mun ga sakamakon. Ana tsakiyar rikicin gida sai a yanke, saurayi da budurwa su bayyana a wurin shaƙatawa sun sauya kaya sau huɗu, minti bakwai ba abin da ya ƙaru a labarin. Fitowar mutuwa da ta biki duk kiɗa ɗaya ne a ƙarƙashinsu. Wani lokaci kiɗan ya danne maganar 'yan wasa har sai ka matsa kusa da talabijin.

Rawa da waƙar nan kuma su ne suka fi jawo wa harkar rigima da malamai da hukuma. A ƙarshen shekarar 2000, bayan ƙaddamar da Shari'a, gwamnatin Kano ta dakatar da harkar fim na ɗan lokaci, a 2001 kuma aka kafa Hukumar Tace Finafinai ta jihar. Abin da aka sa don ya sayar da fim shi ya zama abin da aka fi kama fim da shi.

Ba ina cewa zamanin bai haifar da alheri ba. Ya fito da muryoyin da ba za a manta da su ba, irin su Misbahu M. Ahmad da Rabi Mustapha da Mudassir Ƙasim da Sadi Sidi Sharifai da Fati Nijar, daga baya kuma Nazifi Asnanic da Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef. Waƙar fim ta zama sana'a mai cin gashin kanta, ta shiga gidajen biki da dandalin siyasa. Amma kiɗan rakiya, wato wanda ke bin labari a hankali yana ƙara masa nauyi ba tare da ya tsayar da shi ba, bai sami irin wannan kulawar ba.

Tambari ma haka. Kamfanoni sun yawaita, wasu sun yi suna har sunan kaɗai yana sayar da fim, kamar Sarauniya da Iyan-Tama da FKD. Amma ɗaruruwan ƙanana sun riƙa ɗauko abin da edita ya tarar a kwamfuta: duniya tana juyawa, haruffan zinare, walƙiya da tsawa, da ƙarar da aka yanko daga fim ɗin Amurka. Ka kalli goma a jere ba za ka iya tuna ko ɗaya ba. Irin wutar da muka sa a namu aikin ke nan, gadonta muka yi ba tare da mun sani ba.

DAWOWAR TAKE

Kasuwar faifai ta durƙushe saboda satar fasaha da masu tura fim a waya. Tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, ta kawo Daɗin Kowa, daga baya Kwana Casa'in. Sai Labarina na Aminu Saira, da Izzar So da sauran masu dogon zango a YouTube. Shiri mai fitowa duk mako ba zai rayu da rawa biyar a kowane kashi ba. Abin da yake buƙata shi ne buɗewar da za a gane shi da ita, da sautin da zai riƙe mai kallo har mako mai zuwa. Sai ga shi an koma tsarin zamanin Samanja: kiɗan buɗewa guda, suna a rubuce da salo guda, ana maimaita su har su zauna a kai.

Wani abin da ya sauya shi ne mallaka. A zamanin kaset babu mai bin ka don ka ɗauki kiɗan wani. Yau YouTube yana da na'urar da ke gane sautin da aka yi wa rajista, kuma mai shi yana iya karɓe kuɗin tallar bidiyonka ko ya sa a toshe shi. Najeriya ma ta sabunta dokar haƙƙin mallaka, wadda aka sa wa hannu a 2023. Zanen aro ba ya rufe katara.

ABIN DA ƊALIBI ZAI ƊAUKA

Ga abin da na faɗa wa ƙanen nan namu, kuma shi zan faɗa wa duk wanda ke shirin ƙaramin fim.

Ka fara tun a takarda. Bayan ka gama rubutun, ka bi shi fitowa bayan fitowa da jan biro, kana rubuta abin da kunne zai ji a kowace. A wata fitowar kiran salla ne daga nesa, a wata ƙarar injin markaɗe, a wata kukan jariri a ɗakin kishiya. Waɗannan kyauta ne, kuma sun fi fiyano gaya wa mai kallo inda yake. Ka ware wuraren da ba za a sa komai ba. Uwar da aka kawo wa labarin rasuwar ɗanta ba ta buƙatar sarewa, shirun ya isa.

Ka ba babban tauraronka take, kamar yadda makaɗi ke ba ɗan dambe. Ɗan gajeren kari na daƙiƙa goma da kayan kiɗa guda ɗaya, gurmi ko kuntigi ko sarewa. A ji shi a sanyaye ranar da ya shiga wahala, a ji shi da ƙarfi ranar da ya fita. Fim ɗin minti goma sha biyar ba ya buƙatar fiye da irin wannan guda biyu. Akwai makaɗa a unguwarku da za su buga maka a kan kuɗi kaɗan. Ka ɗauka a ɗaki mai labule da katifa don kada sauti ya yi amsa-kuwwa, ka rubuta yarjejeniya ko da ta layi biyar ce, ka sa sunan makaɗin a ƙarshen fim.

Idan za ka sa waƙa, ka tambayi kanka abin da mai kallo zai sani bayan ta ƙare wanda bai sani ba kafin ta fara. In babu, cire ta. In akwai, kai marubuci ka zauna da mawaƙin ka ba shi labarin gaba ɗaya kafin ya rubuta baiti ɗaya.

Tambari kuma ka raba shi biyu, don ɗalibai suna yawan haɗa su. Akwai na ƙungiyarku, wanda zai bi ku zuwa fim na gaba. Akwai rubutun sunan fim ɗin, wanda na wannan labarin ne kaɗai. Na ƙungiya ya fito daga sunanku da garinku, na fim ya fito daga cikin labarin. Da mun yi tunani a namu, farantin goro da ƙyallen da ake rufe shi da shi sun ishe mu. Ka fara zana shi da fensir. Ka gwada shi da baƙi da fari kawai, ka ƙanƙanta shi ya koma girman hoton da ke gefen suna a WhatsApp, in har ana gane shi to ya yi. Ka tabbata salon haruffan da ka zaɓa yana da ƙ da ɗ da ɓ, don da yawa ba su da su, kuma abin kunya ne fim ɗin Hausa ya buɗe da kuskuren rubutun sunansa. Kada ya wuce daƙiƙa biyar a kan allo, kuma sautin da zai raka shi ya zama naku.

A ƙarshe ka sa wa waɗannan ayyuka rana da kuɗi da mai kula da su tun a zaman farko, daidai da yadda kake sa wa kyamara da abincin 'yan wasa. Abin da ba a rubuta a kasafi ba shi ake yi a daren ƙarshe.

Ƙanen namu ya koma ya nemi ƙarin kwana goma, an ba su. Ya ce sun samo wani dattijo mai gurmi a bayan makarantarsu, kuma sun cire waƙar da suka yi niyyar sawa. Ban ga fim ɗin ba tukuna, amma ya turo mini taken a waya, kuma tun shekaranjiya nake tsintar kaina ina bin sa da baki.

Tambayar wannan mako: a cikin labarin da kake rubutawa yanzu, ko kike rubutawa, idan aka ce a ba babban tauraro take, da wane kayan kiɗa za a buga shi, kuma me ya sa?

Allah Ya ƙara mana basira, Ya yi wa alƙalumanmu albarka. Sai mako mai zuwa idan Mai Duka Ya kai mu.